Mai Jan Ɗankwali Ba Ta Sata

Nea Zamfir ne ya ƙirƙiro wasan da muka yi kusan shekara talatin muna bugawa duk ranar Alhamis. Shi ya yanka katin da almakashin matarsa, shi ya zana hotunan, shi ya kafa dokoki, amma sau ɗaya tak ya taɓa zama ya buga. Wannan sau ɗayan ni na shirya shi.

Ni ce Tudora, tela, ta hawa na biyu a benenmu da ke garin Brăila, bakin kogin Danube. Mijina Dobre yana tuƙa jirgin ƙasan cikin gari, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ƙofar da ke kallon tamu ta Madam Safta ce, malamar lissafi, wadda mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ta kuma ce ita da aure sai dai ta ji ana yi. Nea Zamfir da matarsa Tanti Lina suna samanmu daidai, har in ya yi atishawa sai Dobre ya ɗaga kai ya yi wa rufi sannu. Sun girme mu nesa ba kusa ba, shi ya sa har tsufa ya zo ya daidaita mu, bakina bai taɓa iya kiran sunansu gatsau ba, sai na sa Nea da Tanti, wato kamar a ce Baba da Inna.

Aikin Nea Zamfir huda tikiti ne a jirgin fito da ke tsallaka kogin. Siririn mutum marar hayaniya, ga gashin baki kamar tsintsiyar da ta sha aiki. Duk ɗan hutun da ya samu tsakanin wannan gaɓa da waccan, zana fuskokin fasinja yake a bayan tsohon tikiti. To, a wani mugun sanyi na shekarun tamanin sai kogin ya daskare, aka ɗaure jirgi, aka ce kowa ya koma gida. Mutumin da ya saba yini a kan ruwa, yau ga shi a ɗaki biyu. Ya gyara famfo mai lafiya har ya fara yoyo. Ya kwance agogon bango ya kasa mayarwa. Ranar da ya fara zagaya keken ɗinkinta, Tanti Lina ta sauko wurina da gudu.

"Tudora, in kogin nan bai narke ba, ɗayanmu zai tafi maƙabarta, ɗayan kurkuku. Kina da tsofaffin kwalayen takalma?"

"Me za ki yi da su, Tanti?"

"Zan ba shi ya yanka. Ya yanka komai, in dai ba kayana ba ne."

A lokacin da zarar rana ta faɗi sai a ɗauke wuta. Talabijin awa biyu ce, ita ma ba abin da za ka gani ka ƙaru. Bututun ɗumama ɗaki kuwa sai dai ka rataya masa safa. Kicin ɗin Tanti Lina kaɗai ke da ɗan ɗumi, don ita ta iya lallashin gas: ta kunna tanda, ta bar ƙofarta a buɗe, mu kewaye ta da manyan riguna da huluna. Gahawar gaske ta ɓace daga kantuna, sai wata ta bogi da ake yi da sha'ir, wadda Dobre ke cewa in ka sha kofi biyu haniniya za ka fara. A wannan kicin ɗin, wata Alhamis da magariba, Nea Zamfir ya shimfiɗa allonsa kusa da fitilar ƙwai ya ce, "Maƙwabta, an yi sata a benen nan. An sace ƙullin gahawar gaske."

Allon benenmu ne sak, da matakala, da kowace ƙofa, da siton ƙasa inda gangar kabejin kowa take, da saman rufi inda muke shanya. Katin kashi biyu ne, na mutane da na wuraren ɓuya. Sai ya zare ɗaya a nan, ɗaya a can, ya kifa tukunya a kansu. Ɓarawo ke nan da inda ya ɓoye gahawar. Sauran ya raba mana. Kowa yana jefa ɗan ludo ya yi tafiya da maɓallin rigarsa a kan allo, in ka isa wata ƙofa ka ƙwanƙwasa, ka tambayi wanda kake so ko yana riƙe da kati kaza. Duk katin da babu shi a hannun kowa, to yana ƙarƙashin tukunya. In ka faɗi ɓarawo ka yi kuskure, mai katin ya ajiye shi a gabanka, ka fita, sai dai ka ci gaba da amsa tambaya.

Gishirin wasan wake ne. Kowa yana da ƙwayar wake ɗaya a dunƙule a hannun hagu, kuma wannan ƙwayar ƙarya ɗaya ce halal. In ka yi ƙaryarka, sai ka sulale waken a cinya ba tare da an gani ba. Wanda ya yi ta biyu kuwa, Nea Zamfir zai ɗaga cokali ya buga tukunya, ƙwal! Shi ke nan, mutum ya fita da kunya, kuma shi zai wanke kofuna.

Mutanen katin mutanen benenmu ne. Ga Mai Kare na hawa na ɗaya. Ga Mai Makullai, wanda ke kula da bene yana kuma kula da abin da bai shafe shi ba. Ga Mai Tabarau, wato Safta. Ga Mai Tumbi, ba sai na faɗa ba. Ga Mai Jan Ɗankwali, Tanti Lina, ya zana ta ta waiwayo tana dariya, da jan ɗankwalin da take ɗaurawa in za ta kasuwa. Sai ni.

"Wannan wacece da baki har kunne?" na ce.

"Mai Baki," in ji shi, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Nea Zamfir, ni ce wannan?"

"Ni ban faɗi suna ba, maƙwabciya."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji Dobre. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma sunan ya riga ya bi ni, kuma har yau yaran bene da shi suke kirana a bayan idona.

Mu huɗu muke bugawa: ni, Dobre, Safta da Tanti Lina. Shi yana kan 'yar kujera a gefen tanda da cokalinsa. Tun a farkon nan Dobre ya fara tsokanarsa.

"Kai dai wanzami ne, ba ka son jarfa. Matso ka zauna mu ga iyawarka."

"In na zauna wa zai kama maƙaryata?"

"Tsoro kake ji."

Sai ya ce wa Safta ta kife katin duka a tebur ta cakuɗa. Ya liƙa musu takarda iri ɗaya a baya, mu a idonmu duk ɗaya suke. Ya riƙa ɗora yatsa yana faɗa: wannan Mai Kare ne, almakashi ya zame a gefensa, wannan siton ƙasa ne, gam ya yi ƙullutu, wannan Mai Baki ce, kwalinta ya fi na kowa kauri. Ko ɗaya bai kuskure ba. Muka yi ta tafi muna dariya. Ya ce, "Kun gani? Da an raba, na san abin da ke hannun kowa, na san abin da ke cikin tukunya. Wane wasa ya rage mini?" Ya faɗe ta yana murmushi, mu kuma muka karɓe ta a haka. Muka ɗauka alƙalancin ne ke masa daɗi.

Kai, an sha wasa a kicin ɗin nan! Ga soyayyun 'ya'yan kabewa a faranti, ga shayin fure, ranar da aka dace ga tuwon masara da cuku, Dobre kuma da 'yar kwalbar barasar da ɗan'uwansa ke aiko masa daga ƙauye. Safta tana lissafi a ka, leɓenta na motsi. Dobre yana bin zuciya, yana faɗuwa, yana cewa an haɗa masa baki. Tanti Lina kuwa ita ce gwanar ƙarya. Za ta dube ka da idon nan nata na waliyyai ta ce, "Ni? Siton ƙasa? Rabona da shi tun kaka," alhali yana hannunta. Sau nawa na rantse ba zan ƙara yarda da ita ba, mako ya zagayo ta sake sayar da ni.

Abu ɗaya ne muka lura da shi a hankali. Kowa yana shiga tukunya. Mai Kare ya yi sata, Mai Makullai ya yi sata, ni kuwa na yi sata har na gaji. Amma Mai Jan Ɗankwali ba ta taɓa shiga ba. Nea Zamfir yakan baza katin ya cakuɗa da tafi biyu, idonsa a rufi kamar mai addu'a, ya zaro ɗaya, kuma ba ita ba ce. Safta ta ce a lissafi wannan ba zai yiwu ba.

"To lissafinki ne ke da ciwo," in ji Tanti Lina. "Ni 'yar mutunci ce, ko kwali ya sani."

Abin ya zame mana kamar doka. In sabon mutum ya zauna da mu, Dobre zai ja shi gefe ya ce, "Shawara ɗaya zan ba ka kyauta, kada ka ɓata tambayarka. Mai Jan Ɗankwali ba ta sata." Sabo turken wawa, muka daina ko tunanin dalili.

Sannan zamani ya juya. Wuta ta dawo ta zauna, talabijin ta cika da surutu, gahawar gaske ta cika kantuna har ba mai waiwayarta. Yara suka watse, wasu Italiya, wasu Sifen. Sorina, 'yar su Tanti Lina tilo, ta tafi Torino ta Italiya aikin jinya. Mutanen katin suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Karen ya riga, Mai Kare ya bi shi. Mai Makullai ya miƙa makullansa. Mu kuwa ba mu fasa zarginsu ba. Duk Alhamis sai Tanti Lina ta kashe wutar kicin da hannunta ta kunna fitilar ƙwai, don ta ce a hasken lantarki ƙarya ba ta kama jiki. A wannan teburin kaɗai ake jin sunayen mutanen nan, ana cewa, "Allah ya jiƙansa, amma shi ya ɗauke ta, a saman rufi ya ɓoye."

Ciwon Tanti Lina bai yi mata sallama ba. Da kaka ta fara rama, kafin dusar ƙanƙara ta narke ta kwanta. Ina hawa kullum in gyara ta, in taje mata kai. Wata rana da hantsi ta aiki Nea Zamfir kantin magani, tana jin ya rufe ƙofa ta kamo hannuna.

"Zauna, Mai Baki, aike zan ba ki. Kuma ki riƙe bakin nan."

"Haba Tanti, yaushe na taɓa..."

"Ke dai zauna. Kin san tsohon nan don kansa ya yi wasan? Don ya buga ya yi shi. Ranar farko da ya raba kati ya ga ya san su duka, da kuka tafi ya zauna a kicin kamar wanda aka yi wa mutuwa. Sau biyu yana sake yanka sababbi a ɓoye. Hannun da ya yanka ba ya mantuwa. Ya haƙura, ya ɗauki cokali."

Na ce, "Me ya hana shi faɗa?"

"Zamfir? Mutumin da zai tsaya a bayan layi ya bar kowa ya wuce? Duk Alhamis ina kallonsa. In Safta ta kusa ganowa, ƙafarsa rawa take a ƙasa. Yunwar wasan nan ce za ta kashe shi, ba tsufa ba. Ki zaunar da shi, Tudora, ko sau ɗaya. Ke tela ce, ki san dabara."

Na ce na ji. Ta ja numfashi, sai na ga idon nan na waliyyai ya yi ƙyalli.

"Saura ɗaya. Ki sa ni a tukunya."

"Tanti?"

"Kina tsammanin sa'a ce? Shi ne. Ya san bayan katina, akwai ɗan tabon shayi. Kullum sai ya ture ni gefe da ɗan yatsa. Tun sanyin farko na gane. Wai shi ba zai iya ji ana kiran matarsa ɓarauniya ba, ko da wasa." Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Na ƙyale shi, don abin na masa daɗi, ni ma ba zan ce bai mini ba. Amma fa ni ma mutum ce. Kowa ya ɗanɗana gahawar nan ban da ni."

Ta rasu da bazara, itatuwan bakin titi suna fure. Muka dafa alkamar sadaka ta kwana arba'in, muka raba a coci. Bayan nan muka gwada bugawa mu uku, shi yana gefe da cokali, kujerarta ba kowa. Abin bai yi ba. Kafin a zagaya allo sau biyu an gano ɓarawo, kowa ya zuba wa tebur ido. Muka daina. Ni kuma na ce bari in bar mutumin ya gama makokinsa tukuna, aike ba ya ruɓa.

Ashe lokaci ba nawa ba ne. Da kaka sai ga Sorina ta zo, ta tarar da ubanta yana cin burodi da shayi safe da yamma, wando na zamewa a ƙugunsa. Ta ce ba za ta bar shi ba, Asabar mai zuwa za su tafi Torino. Ban ga laifinta ba, amma hankalina ya tashi. Alhamis ɗaya ta rage mini. In ta wuce, mutumin nan zai mutu a ƙasar mutane bai taɓa buga wasansa ba, ni kuma in je lahira da aiken Tanti Lina a hannu. Da wane ido zan dube ta?

Na hau na ce ya ara mini akwatin wasan in goge masa ƙura. Na sauke koren labulen ɗakinmu mai kauri, Dobre yana ihu wai maƙwabta za su gan shi da gajeren wando. Na ce su gani, su ma su san abin da nake haƙuri da shi. Na yanka, na ɗinka wa kowane kati 'yar jaka mai murfi, girma ɗaya, zare ɗaya, yadda mai riƙewa zai ɗaga murfin ya leƙa shi kaɗai. A jakar Mai Jan Ɗankwali kawai na yi ƙulli biyu a ƙarshen zare, ta ciki, inda sai yatsa zai ji. Ban gaya wa Dobre ba, don cikinsa ba ya riƙe komai sai abinci.

Ranar Alhamis da magariba muka hau. Kicin ɗin duk kwalaye, an sauke hotuna daga bango, sai tabonsu. Safta ta kashe wuta ta kunna fitilar ƙwai. Nea Zamfir ya jawo 'yar kujerarsa gefen tanda, ya ɗauki cokali. Na zazzage jakunkunan a tebur.

"Mene ne wannan kuma, maƙwabciya?"

"Riguna na ɗinka wa 'ya'yanka, sanyi ya kusa."

Ya ɗauki ɗaya. Ya juya ta, ya latsa, ya ɗaga ta wajen fitila, har sansanawa ya yi. Ya ajiye ya ɗauki wata.

"Ban san ko wane ne a ciki ba," in ji shi a hankali.

"To ai shi ke nan," in ji Dobre, ya zare masa cokalin. "Taso, wanzami. Yau ranar jarfarka ce."

Kujera ɗaya ce babu kowa. Nea Zamfir ya daɗe a tsaye a kanta, sannan ya zauna a baki-baki kamar baƙo. Ni na cakuɗa na mutane, idona a rufi yadda yake yi, yatsana na lalube har ya ji ƙulli biyu. Safta ta zaro na wurin ɓuya. Na kifa tukunya.

Ke duniya! Ban taɓa ganin ɗan wasa marar wayo irinsa ba. Ya ɗaga murfin jakar farko, fuskarsa ta washe, ya ce da ƙarfi, "A'a, Mai Kare! Kana nan ashe?"

"Madalla, mun gode," in ji Dobre. "Saura ka karanto mana sauran."

Nea Zamfir ya toshe baki da hannu. Da Safta ta tambaye shi saman rufi, ya ce babu, kunnuwansa suka yi jawur, waken ya kuɓuce ya faɗi ƙasa yana tsalle kowa na ji. Muka yi dariya har Safta ta cire tabarau tana share hawaye. Shi ma yana dariya, yana buga cinya, yana cewa, "Ashe haka abin yake? Ashe haka zuciya take bugawa?" Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ta kwanta.

Amma fa wanda ya shekara talatin yana kallon fuskokinmu ba a raina shi. Dobre ya ba shi wata amsa yana sosa ciki, sai ya ce, "Sulale wakenka, maƙwabci, na ga hannunka a tumbi." Safta ta amsa wata tana gyara zaman tabarau, ya ce, "Madam, ke ma kin kashe naki." Yana tafiya da maɓallinsa daga ƙofa zuwa ƙofa, yana tsince mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa a ranar na san abin da ya sha. Na san wadda ke cikin tukunya, don haka tambayoyina duk na banza ne, jefawa kawai nake ina motsa maɓalli. Kowa yana cikin ruwa yana iyo, ni ina bakin gaɓa. Wasa ɗaya kawai, amma sai da na ji kamar in fasa ihu.

Dobre, kamar kullum, shi ya fara gaggawa. Ya buga tebur ya ce Mai Baki ce, wa zai yi in ba ita ba. Nea Zamfir ya zaro ni daga jakarsa ya ajiye masa a gaba. Safta ta yi lissafinta ta ce mutum biyu suka rage mata, tunda kuwa ɗayar ba ta sata, to Mai Makullai ne. Na ajiye mata Mai Makullai. Suka fita, suka bar ni da shi.

Tun kafin nan na ga dariyar ta bar fuskarsa. Maɓallinsa ya hau hawa na uku ya tsaya a ƙofar gidansa. Ya yi gyaran murya.

"Dobre, kana riƙe da Mai Jan Ɗankwali?"

"Babu."

Da zagaye ya dawo ya tambayi Safta, ta ce babu. Ya san su biyun sun kashe wakensu. Na uku ya juyo gare ni.

"Tudora?"

"Ba ta hannuna, Nea Zamfir."

"To ke ce maƙaryaciyar," in ji Dobre. "Tana hannunki. Ai kowa ya san..."

Na buɗe hannuna na hagu a kan tebur. Ga wakena yana nan. Doka ba ta yarda a nuna ba sai an gama, amma ranar babu alƙali.

Nea Zamfir ya ɗauki ɗan ludo. Ya jefa, ya sauko da maɓallinsa ƙasa. Ya sake jefawa, ya hau sama. Yana ta zagaye a matakala, ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Can ya ce ko a ɗora shayi. Na ga mutumin nan ya gwammace ya bar wasansa ɗaya tilo ya mutu a tebur da ya buɗe baki ya faɗa.

"Faɗi mana, tsoho," in ji Dobre, wanda har lokacin bai gane komai ba.

"Ban tabbata ba tukuna."

Nan raina ya ɓaci, ɓacin gaske, irin wanda ke zuwa da hawaye. Na fizgi cokalin na buga tukunya, ƙwal!

"Ƙarya ta biyu ke nan, Nea Zamfir! Wakenka yana ƙarƙashin tebur, kowa ya ji faɗuwarsa. Ka tabbata sarai. Ko ka faɗa, ko ka tashi ka wanke kofuna."

Ya dube ni. Ya dubi tukunya. Gashin bakinsa yana motsi. Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Mai Jan Ɗankwali ce. A gangar kabeji ta ɓoye."

"Ka haukace?" in ji Dobre.

Ba wanda ya ajiye kati. Ya ɗaga tukunyar da hannu biyu. Jakar farko gangar kabeji. Ya buɗe ta biyu ya zaro katin a hankali, sai ga Tanti Lina ta waiwayo tana dariya, da jan ɗankwalinta, gashinta baƙi wuluk. Safta ta dafe ƙirji.

"Ɓarauniya," in ji Nea Zamfir. Hawaye na bin gashin bakinsa, kuma dariya yake. "Ke Lina! Shekara talatin ina kare ki, na ɗauke hannu sau ɗaya, shi ne kika kwashe gahawar mutane?" Ya matso da katin kusa da fitila. "Kullum bayanta nake gani. Na manta haka na zana ta."

Yana riƙe da jakar a ɗaya hannun, yatsansa na wasa da bakinta, sai na ga ya tsaya cak. Mutumin da ke gane ƙullutun gam, ƙulli biyu ne zai ɓace masa?

"Tudora. Wannan ƙullin ba irin na sauran ba ne."

"Aike ne," na ce. "Ita ta aiko ni."

"Ta sani?"

"Tun sanyin farko. Ta ce in gaya maka ta gode, amma ita ma mutum ce, kowa ya ɗanɗana gahawar nan ban da ita."

Ya kifa kansa a kan allo, a kan benenmu na kwali, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Dobre ya tashi da gwiwarsa mai ciwo ya je ya tsaya a bayansa, ya ɗora masa hannu. Da ya ɗago ya share fuska da hannun riga ya ce, "To na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci," in ji Safta. "Ka ci tas."

"To a dafa gahawar mana, tunda an gano ta."

Ranar Asabar suka tafi. Ya bar mana allo da tukunya da cokali da katin duka, ban da guda ɗaya, wanda ya sa a aljihun gaban rigarsa da koriyar jakarsa da komai.

Yanzu wata matashiya da ta kama gidansu haya ita ke cike mana kujera ta huɗu, in gwiwar Dobre ta yarda. Ranar farko ta bi allon da yatsa tana haɗa kowace ƙofa da katinta, ta ce, "Tanti Tudora, wannan ƙofar ta hawa na uku fa? Ba ta da kati."

"Wannan an kama ta," in ji Dobre. "Tana Torino, tare da wanda ya kama ta. Jefa, 'yata, shayi na hucewa."